Idan Wuta Ta Kama Dutse, Sama Za Mu Gudu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Matamaye ne, ina aikin gini a wani ƙauye da ke jikin dutse kusa da Tizi Uzu a Aljeriya. Zafi ya tsananta, kwana uku ke nan muna hango hayaƙi daga kwarin da ke ƙasanmu, ko barcin kirki ba ma yi. Abokan aikina sun ce in wutar ta iso mu haye ƙololuwa, tunda dutse ba ya cin wuta. Hankalina bai kwanta ba. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya tsare ku. Rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya. A yankin nan da kake, a watan Agustan 2021, gobara ta kashe mutane aƙalla 90, har da sojoji 33. A Yulin 2023 ta sake tashi wajen Bejaya da Buwira, mutum 34 suka rasu.

Maganar abokanka ita ce wadda na fi jin tsoro a sha'anin gobarar dutse, kuma na gaji da jin ta. Gaskiya ne dutse ba ya ci. Amma me ke tsakaninka da ƙololuwar? Busasshiyar ciyawa, sarƙaƙiya, itatuwan zaitun. Su wuta za ta bi, kuma ta fi ka iya hawa nesa ba kusa ba.

Mu mutanen fili mun saba da gobarar daji ta lokacin hunturu, wadda ake tarewa da ɗanyen ganye, mai ƙafa kuma ya tsere mata. Ta dutse daban take. Harshenta yana kwantawa jikin gangare, zafinta ya riga ta zuwa ya busar da abin da ke sama, sai ta tarar da shi yana jira. Ƙa'idar da masu kashe gobara suke aiki da ita: duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin karkatar gangare, gudun wuta yana ninkawa. A digiri 20 ya zama ninki huɗu ke nan. Kai kuwa da ka fara hawa ƙafarka ta yi nauyi, numfashi ya sarƙe, ga hayaƙi shi ma sama yake bi. Tana ƙara sauri kana ragewa. Ina dabara a nan?

Kada ka ce ai kai matashi ne mai ƙarfi. A Agustan 1949, a wani kwazazzabo da ake kira Man Galc a jihar Montana ta Amurka, 'yan kwana-kwana horarru 13 sun mutu suna gudu zuwa sama, wuta ta cim musu a hanya. Shugabansu ya tsira ne don ya cinna wa ciyawar da ke gabansa wuta ya kwanta cikin tokar. Ban ce ka gwada ba, aikin ƙwararru ne. Ina so dai ka gane cewa wurin da ya riga ya ƙone ya fi ƙololuwar da ke gabanka aminci. Kwazazzabo kuma kada ka kuskura ka shige shi, jan wuta yake kamar zugazugin maƙeri. Wanda bai taɓa tsayawa gaban wutar dutse ba, don Allah ya daina ba mutane fatawa a kanta. Rai ake magana.

Abin yi shi ne fita da wuri. Tun yau ka san hanyoyi biyu na barin ƙauyen, waɗanda ba su ratsa ta inda hayaƙin yake ba. Tambayi dattawan kwamitin ƙauye, da suke kira tajma'at, su suka san inda ake taruwa. Lambar 'yan kwana-kwana a Aljeriya 14 ce. In an ce a tashi, ku tashi, kada ku tsaya jiran kuɗin aiki. In kuwa ta rutsa da kai, ka yanke gefe kana gangarawa, nesa da bakinta, ka nemi kwalta mai faɗi, gonar da aka nome, ko gidan siminti da aka share kewayensa, ku rufe ƙofa da tagogi. Sa tufar auduga mai dogon hannu. Rigar leda narkewa take a jikin fata. Ka lura da iskar nan mai zafi da ke tasowa daga Sahara, tana ɗaukar garwashi ta jefa shi gaba, wata wutar ta tashi a bayanka.

Abu ɗaya kuma, tunda baƙo ne kai. A Agustan 2021 ɗin nan, wani mutum mai suna Jamal Ben Isma'il ya taso daga garin Miliyana don taimakawa, jita-jita ta ce shi ya sa wutar, taron jama'a suka kashe shi a Larba Nat Iraten ba da hakkinsa ba. Kada ka yi yawo kai kaɗai a daji kwanakin nan, kada ku hura wutar shayi a waje. In za ka taimaka, ka shiga cikin mutanen ƙauyen da suka san fuskarka, ka yi abin da suka sa ka.