Amsar tambayarki a kan karen da ya mutu

Amaryata, saƙonki ya iso, an karanta mini shi har sau biyu. Kin ce karen da kuka ɗauko daga gidan tara karnukan da aka yasar, can Ingila, ya mutu bayan shekara 9 a hannunku, yara sun ƙi cin abinci, likitan dabbobi kuma ya ce in kuna so a ƙone shi a ba ku tokar. Kina tambaya ko a al'adarmu ana yi wa kare makoki, ko kuwa kukan da kika yi abin kunya ne. To, zauna ki ji, tunda kin tafi kin bar tsohon mijinki da sanda.

Makoki dai babu. Ba a yi wa kare salla, ba a sa masa likkafani, ba a kai shi maƙabarta, ba a shimfiɗa tabarma a karɓi gaisuwa, balle sadakar uku ko ta bakwai. Wannan na 'yan Adam ne. A garinmu in kare ya mutu, yara ne ke ɗaura masa igiya a ƙafa su ja shi juji, angulu su ƙarasa aikin.

Amma a gidanmu an taɓa yin dabam, kuma da idona aka yi. Lokacin farin 1973, ina saurayi, na je kududdufin bayan gari neman ƙasar yaɓe. Ruwa ya ƙafe, ƙasa ta tsage, sai na ji kuka siriri a cikin rami. Kwikwiyo ne, haƙarƙarinsa duk a waje, kunnuwansa cike da kaska. Na naɗo shi a rigata ina fargabar abin da Malam, mahaifina, zai ce, don a shekarar hatsin rumbu ma auna shi ake da tsoro. Ya dube shi, ya dube ni, sai ya karanto mini hadisin mutumin nan da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Ya ce a nemo fasasshen kasko. Inna ta ce tsintacciyar mage ba ta mage, balle kare. Sunan da ya bi shi ke nan, Tsintau.

Bai taɓa shiga ɗaki ba. Wurinsa turken awaki, abincinsa ƙanzon tukunya da ruwan wanke-wanken tuwo, ƙashi sai ranar Babbar Salla. Shi kuwa ya biya. Tun da ya girma dila bai ƙara ɗaukar mana ɗan akuya ba, kuma in Inna za ta kai abinci gona, yana gabanta yana shinshina hanya. Ita da ta fi kowa zaginsa, ita ce ta koma cire masa kaska da tsinke.

Kada wani ya ce miki karen ƙazanta ne zalla. A mazhabar Malik da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ruwanta kuwa bin umarni ne. Shafi'awa ne suka ɗauke shi najasa. Sai dai Risala, wadda ubanki ya karanta a zaurena, ta hana ajiye kare a gida sai don gona, ko kiwo, ko farautar neman abinci. Duk da haka malamai suna ba da labarin cewa mai littafin kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da katangarsa ta rushe ya ajiye kare don tsaro, da aka tuna masa maganar Malik sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Hoton da kika taɓa aiko mini na karenku kwance bisa kujerar falo bai yi mini daɗi ba, kin kuma san hadisin mala'iku da gidan da akwai kare. Na yi shiru ne don sanyin ƙasarku ba na turke ba ne. In za ku sake ɗauko wani, mu yi magana tukuna.

Tsintau ya yi shekara 11. Wata asuba muka same shi miƙe a ƙarƙashin rumbu. Yara har sun kawo igiya, Malam ya daka musu tsawa, ya ce wanda ya kwana yana gadinmu ba za a ja shi a gaban jama'a ba. Ni na haƙa ramin a gindin tsamiyar bayan danga. Ba wanda ya karanta komai. Maƙwabta sun yi ta dariya, har aka riƙa tsokanata a kasuwa ana yi mini ta'aziyya.

Ku ma haka za ku yi. Ku bar maganar ƙonawa da ajiye toka a kwalba, ba namu ba ne. In filin bayan gidan naku ne ku binne shi can, in na haya ne ku nemi izinin mai gida, ramin kuma ya yi zurfi don kada wata dabba ta tono shi. Ragowar abincinsa da bargonsa ki mayar gidan da kuka ɗauko shi, akwai masu jira. Yara kuwa kada ki ce musu ya yi tafiya, za su yi ta leƙen taga. Ki ce ya mutu, kamar yadda duk mai rai zai mutu, ki bar su su yi kukansu.

Naki kukan ma ba wanda zai tuhume ki. Inna ta fi mako tana kankare ƙanzo bayan magariba, ta nufi turke da shi, sai ta kai rabin tsakar gida ta tsaya. Kaskon kuwa ta hana kowa jefar da shi, har damina ta zo kaji suka mai da shi wurin shan ruwa.

Ki gaishe da maigidan, ki ce ina nan ina jiran bikona.