Amsa: Wane tsohon birni zan gani a ƙasar Sin?

Alhaji, ka ce bayan sarin kaya a Guangzhou kana da ’yan kwanaki, kana neman birni mai tarihi inda ba za ka sha wahalar abinci ba. Ni dai Xi'an zan ce maka, kai tsaye. Tafiyar kusan awa biyu da rabi ce a jirgin sama.

A da Chang'an ake kiransa, fadar daular Tang, kuma daga nan ayarin fataken siliki ke tashi zuwa yamma. Kowa zai tura ka ga sojojin yumɓu na sarki Qin Shi Huang, waɗanda manoma suka tono a 1974 suna haƙa rijiya. Dubbai ne, fuskokinsu daban-daban. Je ka da sassafe kafin cunkoso.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne Babban Masallaci, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 742. Ginin katako ne irin na Sinawa, farfajiya bayan farfajiya, har yau Musulmin ƙabilar Hui na salla a ciki. Unguwar da ke kewaye da shi cike take da abincin halal. Nemi romon rago da ake gutsura gurasa a ciki.

Ganuwar birnin kusan kilomita 14 ce, ana hayar keke a samanta. Allah ya kai ka lafiya.