Baba yana ƙwarewa in ya sha ruwa, ta ya za a gane yana samun sauƙi?

Ƴar'uwa, sannu da jinya. Kin ce tun shanyewar ɓarin jiki Baba ke ƙwarewa, kina son sanin ko haɗiyar na gyaruwa. Mu da tsohuwarmu nan Yamai kaye muka samu, wato littafin rubutu, kullum mu rubuta cokali nawa na kunu ta sha, sau nawa ta yi tari, muryar ta fito garau ko da kakin ruwa, duk sati a auna kilonta. Amma don Allah kar rashin tari ya ruɗe ki, wani abinci na zarcewa huhu shiru. Ki zaunar da shi miƙe, ya ƙara minti 30 bayan ci, ban da ɗura. In zazzaɓi ya zo ko yana ramewa, maza wajen lokotoron maƙogwaro, ORL, da kayen a hannu. Allah ya ba shi lafiya.