Amsa ga ƙanena da ke Gusau game da tarukan ɗaliban nazarin guba

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso ni a nan Amurka, kuma na fahimci cewa ka kammala digirin farko a kimiyyar sinadarai, ka gama hidimar ƙasa, yanzu kana son zurfafa karatu a fannin nazarin guba da gurɓatar muhalli. Ka ce ka ga sanarwar wani taro da ɗaliban digiri na biyu da na uku za su gabatar da bincikensu, kana tambaya ko halartarsa za ta buɗe maka ƙofar samun gurbin karatu da biza.

Irin wannan taro, a mafi yawan jami'o'in nan, sashe ne ke shirya wa ɗalibansa na yini ɗaya ko biyu. Wasu ɗaliban a ba su kamar minti goma sha biyar su yi bayani a gaban malamai, wasu kuma su tsaya kusa da babban allon takarda da suka zana sakamakonsu a kai, duk wanda ya zo wucewa ya tsaya ya yi musu tambaya. Ba a raba gurbin karatu a wurin, kuma bizar zuwa taro daban take da bizar ɗalibi. Akwai manyan taruka na ƙungiyoyin masana, kamar na SOT, ƙungiyar masana nazarin guba ta Amurka, da ake yi a watan Maris kowace shekara da kuma na SETAC, ƙungiyar masana gubar muhalli, wadda ke da reshe a Afirka, su ma sai an tantance taƙaitaccen bayanin bincikenka kafin a ba ka damar gabatarwa. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya aiko maka takardar gayyata ba tare da ya tambayi abin da ka bincika ba, to ka riƙe kuɗinka.

Abin da nake so ka gane shi ne, abin da za ka kai wa taron yana nan kusa da kai. Da wuya ka haɗu da mai nazarin dalma a nan wanda bai san sunan Zamfara ba. A shekarar 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara ƙanana na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, har aka gano cewa duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, wani lokacin da injin niƙan hatsi, cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki, yara fiye da 400 suka rasu. Na'urar gwajin jini da ake yawo da ita iyakarta maikirogiram 65 na dalma a kowace desilita ta jini, kuma jinin yara da yawa ya wuce abin da za ta iya karantawa, alhali daga 45 ake fara tunanin ba da maganin da ke fitar da dalma daga jiki. Aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa bai kai ƙauyen Bagega da ke Anka ba sai 2013, sannan a 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Shikira ta jihar Neja. Har yau akwai tambayoyin da suka cancanci digiri: ko ƙasar da aka share ta sake gurɓata, da yadda dalma ke shiga hatsi da ruwan rijiya da naman dabbobi, da kuma zaibar da masu haƙa ke ƙonawa don ware zinare, wadda saboda irinta aka ƙulla yarjejeniyar Minamata ta ƙasashen duniya kan rage amfani da zaiba a 2013.

Sai dai kasancewarka ɗan Zamfara ba za ta tsaya maka a gaban alƙalan taro ba, kuma ni da kaina na ɗanɗana wannan. A taron farko da na gabatar da aiki, na ɓata fiye da rabin lokacina ina ba da labarin ƙauyukanmu, mutane suna gyaɗa kai cikin tausayi. Da na gama, wata farfesa ta tambaye ni a wane irin mazubi na zuba ƙasar da na ɗebo, da zurfin da na haƙa, da mafi ƙarancin adadin da na'urata ke iya ganowa, da kuma ko na gwada ƙasar wani wuri da ba a aikin zinare domin kwatantawa. Biyu daga cikin tambayoyin ba ni da amsarsu, na tsaya gumi na keto mini a ɗakin da sanyi ya cika. Ba ta yi don ta kunyata ni ba, domin daga baya ita ce ta zauna da ni ta gyara mini tsarin aikin, amma ranar na san cewa a wannan fanni lambar da ba a san yadda aka same ta ba, ba ta da daraja komai girmanta.

Saboda haka shawarata ita ce ka fara daga gida. Ka nemi malami a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato wanda ke aiki a kan ƙarafa masu guba, ka ɗauki tambaya ɗaya ƙarama, ka yi ta da kyau, ka rubuta kowane mataki a littafi da kwanan wata. Ka san halin tsaro a yankin Anka, don haka kada ka jefa kanka daji saboda cokalin ƙasa. Hatsin kasuwa da ruwan rijiyoyin cikin gari ma abin bincike ne. Idan aikin ya shafi jinin mutane, dole ka sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar iyaye, ka kuma sanar da hakimi ko dagaci, sannan ka koma ka faɗa wa mutanen abin da ka gano da Hausar da za su fahimta, domin an sha ɗibar samfuri a wurinsu ba a dawo da labari ba.

Amfanin sanarwar da ka gani kuwa, ka duba jerin masu gabatarwa da sunayen malaman da ke duba aikinsu, ka karanta abin da biyu ko uku daga cikinsu suka wallafa, sannan ka rubuta musu gajeriyar wasiƙa mai nuna abin da ka auna da abin da ka rasa na'urar aunawa. A nan, kuɗin ɗalibin digiri na uku a fannonin kimiyya galibi daga tallafin binciken malaminsa yake fitowa, shi ya sa irin wannan wasiƙa ta fi takardar halartar taro nauyi. Ka rubuta shafi ɗaya na tambayar da kake son bincikawa ka turo mini kafin ka aika wa kowa, zan duba maka. Ka gaishe mini da su Baba da Inna.