Likita ya amsa: karo a filin ƙwallo, da kuma batun yaro mai son dambe

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 12 sun yi karo da kai da wani yaro a filin ƙwallo. Bai suma ba, aka zuba masa ruwa ya koma wasa. Yanzu yana ta kukan ciwon kai. Wata uwa, Zariya.

Amsa: Hajiya, yawancin yaran da ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba sa suma, don haka rashin suman ba ya nufin lafiya lau. Kuskuren shi ne mayar da shi fili a ranar. Abin da muke tsoro shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke, wanda kan iya kumbura ƙwaƙwalwa. Ki sa masa ido. In yana ta amai, ko ana tashinsa daga barci da ƙyar, ko maganarsa ta sarƙe, ko ya yi jijjiga, ko ciwon sai ƙaruwa yake, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. In babu ko ɗaya, ki ba shi farasitamol, ya huta kwana ɗaya ko biyu, ya rage danna waya. Ƙwallo kuwa, sai likita ya gan shi tukuna.

Tambaya: Ina horar da yara a unguwa. Da gaske ne an hana su buga ƙwallo da kai a Turai? Wani koci, Maraɗi.

Amsa: A wasu ƙasashen, Malam. Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015, Ingila ta cire shi daga atisayen 'yan firamare a 2020. Wani bincike na Jami'ar Glasgow a 2019 ya gano tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallo sun ninka sauran jama'a fiye da sau uku wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Masu suka suna cewa binciken kan manya aka yi, kuma bai tabbatar da cewa buga ƙwallo da kai ne sanadin ba. Suna da gaskiyarsu. Ni dai ina bayan hanin, don wuyan yaro bai yi ƙwarin tare ƙarfin ƙwallo ba.

Tambaya: Ƙanena mai shekara 14 ya nace sai dambe. In bar shi? Wani matashi, Katsina.

Amsa: A ƙwallo bugun kai tsautsayi ne, a dambe kuwa shi ake nema, da hannu naɗe da igiya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ba ta yarda yara su yi damben zamani ba, ga shi da safar hannu. Lallaɓa shi ya koma kokawa a kan yashi har ya girma.