Mu yi guzurin abinci daga gida, ko mu saya idan mun isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana da yaranmu uku za mu je hutun mako biyu a Jamus da Italiya, kuma gida mai kicin muka kama don mu riƙa girki da kanmu. Maigida yana so mu cika akwati guda da kayan abincin da muka saba, har da busasshen nama da madarar gari, saboda tsada da kuma gudun cin abin da ba mu sani ba. Ni kuwa ina ganin mu saya a can. Autarmu tana shan madarar jarirai, na tsakiya kuma jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. Wanne ya fi mana?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Shawararki ta fi kusa da daidai, amma damuwar maigida ma tana da tushe. Abin da nake gaya wa masu irin wannan tafiya shi ne su ɗauki abin da ba shi da madadi a can, da abin da zai riƙe su ranar farko, sauran kuma su saya idan sun sauka.

Bari in fara da busasshen naman da madarar garin, domin su ba zancen zaɓi ba ne. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyin da ya fito daga wajen tarayyar shiga da nama ko madara ko abin da aka yi da su, in ban da wasu 'yan ƙasashe maƙwabta irin su Suwizalan da Norwe. Busarwa, soyawa ko rufewa a gwangwani ba sa cire su daga wannan hani. Idan jami'an kwastan suka gani za su ƙwace su lalata, kuma ana iya cin tarar mutum. Mutane da yawa suna ɗauka ƙyamar abincin baƙi ce ta kawo haka, alhali dabbobi ake karewa. Ƙwayar cutar baki da kofato, da ta zazzabin aladu, suna iya daɗewa da rai a cikin naman da aka sarrafa. A 2001 cutar baki da kofato ta ɓarke a Birtaniya, aka gano ta faro ne daga wata gonar aladu da ake ciyarwa da ragowar abincin da ba a dafa yadda doka ta ce ba, kuma kafin a shawo kanta sai da aka kashe dabbobi sama da miliyan 6. Tun daga lokacin ƙasashen Turai ba sa wasa da naman da ke cikin jakar fasinja. Ko a watan Afrilun 2025, bayan cutar ta sake ɓulla a Jamus da Hungari da Sulobakiya, Birtaniya ta hana matafiya shigar mata da nama da cuku daga ƙasashen tarayyar kansu.

Ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itace ma suna buƙatar takardar shaidar lafiyar tsirrai tun Disamban 2019. Biyar kawai aka ɗauke wa wannan sharaɗi: ayaba, dabino, kwakwa, abarba da wani ɗan itacen Asiya mai suna duriyan.

Madarar autarku tana cikin abin da aka yi wa rangwame. An yarda a shiga da madarar jarirai ta gari, da abincin jarirai, da abincin da likita ya ɗora wa mara lafiya, muddin bai wuce kilo 2 ba, yana cikin kwalinsa ko gwangwaninsa na kamfani, ba ya buƙatar firiji kafin a buɗe shi, kuma ba a fasa shi ba sai wanda ake amfani da shi a hanya. Wannan ki ɗauka, kuma ki ɗauki wadda za ta kai ku har dawowa. Ko da kin tarar da sunan kamfanin a can, haɗin yana iya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma hutu ba lokacin gwada wa jaririya sabuwar madara ba ne. Ki raba ta biyu, wata a jakar hannu wata a akwati, saboda akwati kan yi ɓatan kai ya kwana a wani filin jirgin. Dokar nan ta 2006 da ta taƙaita ruwa a jakar hannu zuwa mililita 100 tana sassauta wa abincin jariri, sai dai za a duba shi a wurin bincike.

Bayan madara, abin da ya cancanci gurbi a akwati shi ne mara nauyi wanda ke mayar da girki ya zama na gida: busassun kayan ƙamshi da aka niƙa, ganyen shayin da kuka saba, biskit ɗin da yara ke so. A bar su cikin ledarsu ta asali mai rubutu. Garin da aka juye a kwalbar da ba ta da suna shi ke sa a tsayar da mutum ana ta tambayoyi. Shinkafa, taliya, mai, sukari da gishiri kuwa asarar nauyi ce. Yawancin jirage kilo 23 suke bayarwa a kowane akwati, kuɗin ƙarin kaya yakan fi kuɗin abin da ke ciki, kuma waɗannan su ne mafi arha a kantuna irin su Aldi da Lidl. Iyalin da ke girki da kayan kanti sun riga sun kauce wa tsadar da maigida ke tsoro, domin a gidajen cin abinci take.

Yanzu ga batun ɗanku, wanda shi ne ya fi damuna a wasiƙarki. A nan sayayya a can tana da wata kariya. Tun Disamban 2014 doka ta wajabta a fito da sunayen abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da rashin lafiya a cikin jerin kayan haɗin kowane abinci, yawanci da rubutu mai kauri, kuma gyaɗa na cikinsu. Ki haddace yadda ake rubuta ta: Erdnuss ko Erdnüsse a Jamus, arachidi a Italiya. Amma ki lura da abu ɗaya. Gargaɗin da ke cewa ɓurɓushi na iya shiga daga injin da aka sarrafa wani abinci da shi, kamfani ne ke ganin damar sa shi, don haka rashinsa ba tabbaci ba ne. Wurin da nake so ki fi yin hattara shi ne abin da ake sayarwa a buɗe, wato gidan burodi da shagon askirim, inda cokali ɗaya kan shiga mazubi da yawa. Ki rubuta matsalar yaron a kati da Jamusanci da Italiyanci ki riƙa nunawa. Maganinsa ya zauna a jakar hannunki tare da takardar likita, kuma lambar agajin gaggawa a ƙasashen biyu 112 ce.

Idan kuna kiyaye halal, manyan biranen Jamus cike suke da kantunan Turkawa da na Larabawa masu mahauta. A babban kanti kuma ki duba kalmomin Schwein, wato alade, da Gelatine, wato sinadarin daskarar da abinci da akan samo daga dabba, a Italiya maiale da suino, su ma alade, da strutto, wato kitsen alade, wanda kan shiga wasu burodi ba tare da mutum ya yi zato ba. Manhajar fassara da ke karanta rubutu ta kyamarar waya tana taimakawa sosai a gaban kanta.

Ranar saukarku ita ce ta fi buƙatar guzuri. A Jamus kantuna a rufe suke ranar Lahadi da ranakun hutu, sai 'yan waɗanda ke manyan tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama. Idan daren Asabar za ku isa, ki tanadi abin karin kumallo da na rana ɗaya daga cikin busassun kayan da aka yarda da su. Da ɗan gari akan ci gari: ki tambayi mai gidan da kuka kama tun yanzu kantin da ya fi kusa, lokacin rufewarsa, da abin da ke kicin ɗin na tukwane da firiji. Ki tafi da jakar cefane da tsabar Yuro 1 ta ciro keken sayayya. Yawancin robobin ruwa da lemo a Jamus ana ɗora musu ajiyar santi 25 da za a mayar miki idan kin saka su a injin kanti, kuma ruwan kwalba da yawa mai gas ne, sai ki duba kafin ki ɗauko wa yara. A Italiya sau da yawa ke za ki sa safar leda, ki auna kayan lambu, ki manna farashin kafin ki je wurin biya.

Daga Jamus zuwa Italiya kuna iya wucewa da cefanenku, har da nama da cuku, tunda duk cikin tarayya ɗaya ne. A filin jirgin da za ku fara sauka kuwa, idan kina shakkar wani abu a kayanku, ki bi jan layin kwastan na masu bayyana kaya ki nuna wa jami'i. Mafi yawa abin da zai faru shi ne ya karɓe shi ku wuce. Tara takan hau kan wanda ya bi koren layi, na marasa abin bayyanawa, aka kuma samu abin a jakarsa.