Fitilar jirgina na dushewa idan na kunna famfo

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin jirgi mai inji a kogin Galma. Da na kunna famfon kwashe ruwa sai fitila ta dushe, wani lokaci fis ya ƙone. Ina matsalar take? Mai karatu daga Sabon Gari, Zariya.

Amsa: Malam, da alama an ɗora su duka kan waya ɗaya siririya. Daga batir, waya mai kauri ce za ta je akwatin fis, a sa babban fis kusa da kan batir, kada nisansa ya wuce santimita 18. Daga akwatin, fitila da hon da wurin cajin salula kowanne ya samu layinsa da fis ɗinsa. Famfo kuwa a ja masa layi kai tsaye daga batir, da nasa fis, don ya yi aiki ko an kashe babban makunni.

Fis waya yake karewa. In ka sa wanda ya fi ƙarfinta, ita za ta narke, ga fetur a kusa.

Kada ka mai da jikin jirgi hanyar dawowar wuta kamar a mota, ƙarfen zai cinye. Duba bakin wayoyi ma: koren tsatsan nan yana rage wuta. Kankare shi, ka ɗaure tam, ka shafa giris.